Yana ta fito a idon da aka dasa wa tabarau: a sayar da fili a tafi aikin leza?

Uwar Biyu, Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, don Allah waɗanda suka san harkar ido su tanka. Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, shekarunta 52, malamar sakandare. Tun muna yara ba ta hangen nesa, tabaranta kauri kamar gindin kwalba, lambarsa ta kai 16. A 2009, lokacin da mijinta yake karatu a Alkahira, aka dasa mata wani ɗan tabarau a cikin kowane ido, a takardar an rubuta Artisan. Ta ajiye tabarau, ta yi sama da shekara goma tana gani tar. Tun bara abin ya fara dishi-dishi, yanzu ko rubutunta a allo ba ta karantawa, da dare kuwa fitilar mota kashe mata ido take. Likita ya ce yana ce, amma ya ce aikin ba irin na kowa ba ne, wai gilashin gaban idon ya yi rauni. An ƙirga wasu ƙwayoyi, dama 1,100, hagu 1,450. Wani ɗan kamasho mai haɗa marasa lafiya da asibitocin waje ya ce mana da leza kawai za a yi aikin idon ya tsira, in aka sa wuƙa shi ke nan. Mijinta ya sa filinsu na Ɗanmagaji a kasuwa. Ni hankalina bai kwanta ba.

Hajiya Mai Atamfa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne.

Injiniya Hanwa: Ƙanwata, ido ba abin wasa ba ne, a sayar da filin. Ni da kaina na kai mahaifinmu Indiya aka yi masa na leza, washegari yana karanta Alƙur'ani ba tabarau. Na'ura ba ta gajiya, hannunta ba ya rawa. Fili ana sake saye, ido fa?

Sista Ido, Samaru: Injiniya, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, amma idonsa da na wannan baiwar Allah ba ɗaya ba ne. Shekara 19 ina aikin jinya a ɗakin tiyatar ido. Tsofaffin da ake yi wa aiki da hannu a nan ƙasar, da yawa washegari ana cire bandeji suke ganin fuskar jikokinsu. Ba leza ce ta kawo wannan ba. Kuma maganar "in aka sa wuƙa shi ke nan" ba gaskiya ba ce. Ko da leza sai an buɗe ido an shiga da ƙarfe. Ta ina za a fito da tabaran da ke ciki?

Injiniya Hanwa: To Sista, meye amfanin lezar ke nan in sai an shiga? Mu dai an ce mana ita take narkar da yanar.

Dakta A., likitan ido: Salamu alaikum. Uwar Biyu, sannu da ɗawainiya. Ban ga Yaya ba, don haka abin da zan faɗa bayani ne, hukunci na likitan da ya duba ta ne. Zan ɗan tsawaita, a yi haƙuri.

Gilashin nan mai haske da ke gaban baƙin ido shi muke kira koniya. A bayansa ta ciki akwai shimfiɗa guda ɗaya tak ta ƙwayoyin halitta, aikinsu kwarfe ruwa daga cikin koniya dare da rana, kamar masu kwarfe ruwa daga ɗakin da ke yoyo da damina. Muddin suna da yawa, koniya na nan garau. Babba mai lafiya yana da wajen 2,500 zuwa 3,000 a kowace murabba'in milimita. Matsalar ita ce ba sa haihuwa. Wadda ta mutu ta tafi, sai maƙwabtanta su buɗe su rufe gurbin. In suka sauka ƙasa da kamar 500, ruwa ya fi ƙarfinsu, koniya ta kumbura ta yi fari, daga baya har ƙuraje na ruwa su fito mata masu zafin gaske. Kowane aikin yana, ko wane iri ne, yana kashe wani kaso. Mai 2,800 ba zai ji ba. Mai 1,100 dole a lissafa masa.

Shi Artisan maƙale shi ake yi a jikin labulen ido, wato ɓangaren nan mai launi da ke kewaye da ƙofar ƙwayar ido, da wasu 'yan farata biyu, yana zaune kusa da bayan koniya, shi ya sa a wasu mutane yake cin ƙwayoyin nan a hankali, musamman mai yawan murza ido. Ka'ida ita ce a riƙa ƙirga su a kai a kai, kuma in sun sauka ƙasa da 1,500 akan ba da shawarar a cire tabaran ko da babu yana. Wato idon Yaya duka biyu sun riga sun haye wannan layin.

Leza kuma, Injiniya, ba ta cire yana. Abu uku take yi: ta huda ƙofar shiga, ta yanke da'ira a jakar da yanar ke ciki, ta sassara yanar gida-gida. Daga nan likita ne zai shiga da na'urar fako, wadda Charles Kelman ya ƙirƙiro a 1967, ya farfasa ya zuƙe. Girgizar fako da ruwan da ke kai-komo su ne ke kashe ƙwayoyi. Hikimar leza kamar a yayyanka doya ne kafin a kai turmi, dakan zai ragu.

Injiniya Hanwa: Ai ka ga ni, Dakta. Ka dawo kan maganata. Daka ya ragu, ƙwayoyi sun tsira.

Dakta A., likitan ido: A lissafi haka ne, kuma ba zan musa ba. Akwai binciken da ya nuna ƙwayoyin da ake asara sun ɗan ragu da leza, musamman in yanar ta yi tauri sosai. Amma akwai wanda ya duba masu raunin koniya ya ga yawan waɗanda koniyarsu ta kumbura daga baya bai bambanta ba. Tun da Zoltán Nagy ya fara aikin a kan mutum a birnin Budapest na Hangari a 2008 ake wannan muhawarar. A 2020 aka fitar da sakamakon manyan gwaje-gwaje biyu, FEMCAT a Faransa mai marasa lafiya kusan 900, da FACT a Ingila mai 785. Duka biyun ba su sami cewa leza ta fi fako na hannu ba wajen gani, sai dai ta fi tsada. A yi adalci, yawancin idanun da aka gwada masu lafiyar koniya ne, ba irin na Yaya ba. Abin da nake cewa shi ne babu wanda zai iya rantsuwa cewa leza ce kaɗai mafita.

Malam Ɗan Gyallesu: Allah ya saka da alheri Dakta. Ni tambayata, tunda tabaran yana gaban yanar, hasken lezar ta cikinsa zai bi? Ba zai ƙone shi ba?

Dakta A., likitan ido: Tambaya ce mai kyau, Malam, kuma nan ne wahalar take. Hasken yana wucewa, ba ya ƙonawa. Amma na'urar sai ta ɗauki hoton cikin ido ta gane ina jakar yana take kafin ta yanka. In akwai tabarau a gaba tana iya ɗaukar fuskarsa a matsayin jakar, sai likita ya gyara mata layi da hannunsa. Na biyu, leza tana haifar da 'yan kumfa na iska. A irin tabaran da ake kira ICL, wanda ke zaune bayan labule dab da yanar, kumfan yakan maƙale a tsakani ya tare hasken, da'irar ta fita ba a gama yanke ta ba. Na uku, leza tana son ƙofar ƙwayar ido ta buɗe sosai, shi kuwa Artisan faratansa na riƙe da labule, wani lokaci buɗewar ba ta kai yadda ake so. Kuma ita kanta lezar takan sa ƙofar ta tsuke bayan an gama harbawa. Ana yi, an yi an dace, amma aiki ne na wanda ya saba, ba na'ura ce ke tuƙa kanta ba.

Ga wani abu da ɗan kamashon bai gaya muku ba. Artisan roba ce mai tauri, ba ta lanƙwasuwa, faɗin idonta milimita 5 ko 6. Dole a yi ƙofar da za ta fita, wajen milimita 6. Duk maganar "ɗan huji" ta ƙare a nan. Kuma kwance faratan nan da jawo tabaran waje ba tare da ya gogi bayan koniya ba, hannu ne ke yi. A ganina wannan mintunan su ne mafi haɗari a aikin gaba ɗaya, kuma leza ba ta da hannu a ciki.

Uwar Biyu, Tudun Wada: Innalillahi. Dakta wallahi babu wanda ya taɓa ce mana a riƙa ƙirga wani abu. Ko an faɗa da Larabci ko Turanci ba ta riƙe ba. Tunda ta dawo ba ta sake zuwa asibitin ido ba sai bara. Ga ta da murza ido in hunturu ya shigo.

Sista Ido, Samaru: Wannan shi ke ƙona mini rai. A je waje a yi aiki mai kyau, a dawo da takarda a jefa a ƙasan akwati, ba wanda ya sake waiwaya. Duk wanda ke cikin gidan nan da aka dasa wa tabarau a ido don ya daina sa gilashi, don Allah ya je a ƙirga masa duk shekara. Minti biyar ne, ka ɗora haɓa na'ura ta ɗauki hoto, ba allura ba zafi. Uwar Biyu ki gaya wa Yaya daga yau hannunta ya bar idon nan, in yana ƙaiƙayi a ba ta maganin ɗigawa.

Baba Ƙofar Doka: 'Ya'yana ku yi mini afuwa in sa baki. A zamaninmu akwai masu zuwa gari-gari suna kwantar da yana, a zaune za a yi maka ka tashi kana gani, ba fili ba jirgi. Ko a gwada zuma da tozali tukuna, an san su da wanke ido.

Sista Ido, Samaru: Baba, Allah ya ƙara girma, amma wannan kam a'a. Masu kwantar da yana tura ta suke yi cikin ido da tsinke, ba cirewa ba. Ranar farko mutum zai ga haske, bayan wata biyu ya zo mana da ido ja, hawan jinin ido ko ruɓa. Na sha riƙe hannun irinsu suna kuka. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yana ce kan gaba wajen makantar da 'yan Najeriya, kuma idanun da aka kwantar wa yana ta gargajiya yawancinsu ba su ƙare da gani mai amfani ba. Balle idon da ke da roba maƙale a ciki. Zuma kuma ba ta kai wa inda yana take, Baba, a sha ta dai.

Baba Ƙofar Doka: To 'yata, na ji. Ku kuka san zamani. Allah ya ba ta lafiya.

Mai Gwajin Tabarau, PZ: Ni ina tare da Dakta, amma ina da ja a wuri ɗaya. Kada mu sa su ji kamar fita waje ɓarna ce. Abin dubawa shi ne, in koniyar ta kumbura bayan aiki, wa zai dasa mata wata? Koniya daga mamaci ake samu, mu kuwa a nan ba mu saba bayarwa ba, bankin ido da na sani yana Legas, kuma sau da yawa sai an jira ko an shigo da ita daga waje. A Indiya, irin su Aravind a Madurai ko LV Prasad a Haidarabad, dashen koniya aikin yau da kullum ne. In za a fita, a fita don wannan, ba don leza ba.

Dakta A., likitan ido: Wannan magana ce, na karɓa. Dashen ma yanzu ba sai an canza koniya gaba ɗaya ba. Akwai wanda ake ɗauko shimfiɗar bayan kawai a manna ta da kumfan iska, irin DSAEK da DMEK, na biyun Gerrit Melles na Holan ne ya fito da shi a 2006. Da 1,100 yawancin likitoci za su cire tabarau da yana su jira su gani, domin idanu da yawa masu wannan adadin suna tsallakewa. Amma tun yanzu ake shirya wa ranar da ba a fata. Misali, sabon madubin da za a sa mata a gurbin yanar kada ya zama irin roba mai shan ruwa, don yakan yi hazo in daga baya aka sa iska a ido wajen dashe. Kuma kada a yarda da mai zobba-zobba da ake tallar yana nuna nesa da kusa, ba ya jituwa da koniya mai rauni.

Hajiya Mai Atamfa: Dakata. Idon mamaci za a sa wa mai rai? Wannan ya halatta kuwa?

Malam Ɗan Gyallesu: Hajiya, malamai sun tattauna. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar gaɓa daga mamaci a sa wa mai rai in akwai larura, da sharaɗin shi mamacin ya yi izini kafin rasuwarsa ko magadansa sun yarda, kuma ba sayarwa aka yi ba. Akwai malaman da suke da tsantseni a kai, ban ɓoye ba. Kuma ba ido dungurungum ake dasawa ba, gilashin gaban ne kawai. In an kai ga haka su tambayi malamin da suka natsu da shi.

Injiniya Hanwa: Ni har yanzu ban gamsu ba. In akwai abin da zai rage haɗari ko da kashi ɗaya ne, kuma suna da filin sayarwa, me ya sa za a hana su? Da a ce matarka ce, Dakta?

Dakta A., likitan ido: Da matata ce, Injiniya, wallahi ba na'ura zan fara tambaya ba. Zan tambayi likitan sau nawa ya cire Artisan da hannunsa, yaya koniyoyin suka ƙare. Zan tambaya wane irin man kariya zai shimfiɗa wa bayan koniya, domin akwai mai ɗanko da ke manne mata ya tare girgiza, kuma wannan ya fi mini leza muhimmanci. Zan tambaya an duba ratina, shimfiɗar bayan ido, da kyau, don mai lamba 16 idonsa dogo ne, ratinarsa sirara, haɗarin ɓallewarta bayan aikin yana ya fi na sauran mutane. In na sami likitan da ya amsa waɗannan, kuma yana da leza, kuma yanar ta yi tauri, zan ce a yi da ita, ba na gaba da ita. In ba shi da ita ba zan fasa ba. Wanda ba zan yarda da shi ba shi ne mai leza da bai taɓa cire irin wannan tabaran ba.

Kuma ka tuna kuɗin filin ɗaya ne. In aka ƙarar da shi a tikiti da otal da kuɗin leza, bayan wata huɗu koniya ta kumbura, da me za a koma?

Injiniya Hanwa: Wannan ta ƙarshen ta shige ni. Amma dai in sun tashi fita a nemi inda ke da duka biyun.

Sista Ido, Samaru: Ƙari a kan na Dakta, jira ma ba alheri ba ne. Duk watan da aka ƙara, yana na ƙara tauri, tabaran na ƙara cin ƙwayoyi. Kada a shekara ana neman mai sayen fili. Ga asibitin koyarwa na ABU da ke Shika a bakin ƙofa, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga asibitin ido na ECWA a Kano. A kai takardun a nemi ganin likitan da ya ƙware a koniya, a ji ta bakin mutum biyu.

Uwar Biyu, Tudun Wada: Dakta, tambaya ɗaya. Ta ce da safe in ta tashi ganin ya fi yin hazo, sai wajen hantsi ya ɗan washe. Yanar ce?

Dakta A., likitan ido: A'a, yana ba ta canzawa tsakanin safe da hantsi. Wannan alamar koniya ce ta fara riƙe ruwa cikin dare, in an buɗe ido iska ta busar da shi. Ki tambaye ta wane ido ne, kuma lallai ta faɗa wa likita da bakinta. A auna kaurin koniyar, ta mai lafiya wajen maikiron 540 ce (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya), in ta haura 640 lissafi yana iya canzawa, a fara tunanin haɗa dashen da aikin yanar a zama ɗaya. A kuma duba ko akwai cutar Fuchs, wadda ke cin ƙwayoyin nan da kanta, ta fi kama mata kuma tana bin dangi. In an same ta, ke ma sai a duba ki.

Mai Gwajin Tabarau, PZ: Ta zo da tsohuwar takardar Alkahira duk inda za ta je. Lambar idonta kafin dashe da lambar tabaran suna taimakawa wajen lissafin sabon madubi.

Uwar Biyu, Tudun Wada: Jama'a na dawo, kwana tara ke nan. Na karanta wa Yaya da mijinta duk abin da aka rubuta a nan. Mun samo takardar a cikin jakar fasfo ɗinsu. Mun ga likitan koniya, an sake ƙirgawa, dama 1,080, hagu 1,460. Hazon safen a dama ne, kaurinta 612, hagu 560, kuma ya ce bai ga alamar Fuchs ba. Ya sami wani wuri sirara a ratinar hagu, ya ce za a ɗaure shi kafin a taɓa idon. Mijinta ya yi masa tambayar Dakta, sau nawa ya cire irin wannan tabaran, ya faɗi adadin bai ɓoye ba, ya ce ba su da yawa, ya kuma ba mu sunan wani abokin aikinsa da ya fi shi sabawa, ya rubuta mana takarda zuwa gare shi. Ya ce a fara da dama, kuma mu sa a ranmu tana iya buƙatar dashe daga baya. An janye filin daga kasuwa, an bar shi don wannan ranar in ta zo. Ɗan kamashon ya kira sau uku, mijinta ya ce masa a dakata.

Baba Ƙofar Doka: Alhamdu lillahi. Allah ya sa a yi a sa'a.

Injiniya Hanwa: Amin. In ranar tafiya ta zo ki yi mini magana, motata na nan, ni zan kai ku.

Sista Ido, Samaru: Uwar Biyu, ki tambaye su tun yanzu wane maganin ɗigawa za ta fara kafin aiki da kwana nawa, ki rubuta a takarda. Kuma ta nemi hutun makaranta na sati huɗu aƙalla, ƙurar alli ba ta dace da sabon aiki ba.

Uwar Biyu, Tudun Wada: Na rubuta, Sista. Ranar Litinin za ta kai takardar hutun. Injiniya mun gode, Laraba ta sama ce, ƙarfe shida na safe za mu tashi.